MAI KIFI YA YI TAFIYA, WA ZAI TSARE RUWA?

Kowace shekara, da zarar an gama girbi an ɗaure damman hatsi an zuba a rumbu, sai tashoshin mota na Madawa, Buza da Keita su cika da matafiya. Samari da magidanta suna kama hanyar biɗa, waɗansu Kano da Legas, waɗansu Abijan ko Kamaru, waɗansu kuma su yi arewa zuwa Aljeriya da Libiya. Wannan tsohuwar al'ada ce a ƙasar Adar, kuma gidaje da yawa da ita suke cike giɓin da damana ta bari. Ma'aikatan gwamnati su ma suna da tasu tafiyar: hutun shekara, ko aiki a Tawa da Yamai, ko babban hutun makaranta. Ga kuma maniyyata aikin hajji, waɗanda kan yi wajen wata guda ba sa gida.

Mai tafiya ya san yadda zai bar dukiyarsa ta gargajiya. Rumbu a rufe shi, awaki da tumaki a damƙa wa makiyayi, jaki a ba ɗan'uwa aro ya ci da shi. Amma a shekarun nan wata sabuwar dukiya ta shigo garake da gidaje, watau kifin kiwo, kuma mutane da yawa ba su riga sun koyi yadda ake barinta ba. Akuya in ta ji ƙishirwa tana kuka har maƙwabci ya ji ya kawo ɗauki. Kifi kuwa shiru yake yi. Ba a sanin yana cikin wahala sai an wayi gari an tarar da shi birjik a kan ruwa, ciki sama. Wahalar wata 5 ko 6 tana iya tashi a banza cikin dare ɗaya.

YADDA KIFI YA SHIGO ƘASAR DUTSE

Adar ƙasar duwatsu ce da fadamu, ba ta da kogi mai gudu rani da damana. Ruwan sama yana faɗuwa bisa tudu, ya gangaro da ƙarfi ta cikin ƙoramu, ya wuce cikin ƴan sa'o'i. Saboda haka duk wani aikin raya wannan ƙasa ya fara ne da neman dabarar tsayar da ruwa. A ƙarshen shekarun 1960 aka gina madatsar Ibohaman a gundumar Keita domin noman ban ruwa. Bayan farin 1973 da na 1984, aikin ya ƙara faɗi. A 1984 aka soma babban aikin raya karkara na Keita, da kuɗin ƙasar Italiya, da jagorancin FAO, hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ita kuma hukumar PAM tana ba ma'aikata abinci a bakin ladan aikinsu. An jera duwatsu a kan tudu, an haƙa ramukan tare ruwa, an datse ƙoramu, an dasa itace wajen miliyan 18 cikin shekara 20. Daga baya aikin ya kai har gundumomin Buza da Abalak. Abin tunawa shi ne, mafi yawan waɗanda suka ɗauki duwatsun nan a ka mata ne, domin mazajensu suna wurin biɗa.

Inda ruwa ya tsaya, kifi yana iya zama. Ma'aikatan ruwa da gandun daji sun daɗe suna ɗebo ƴaƴan kifi daga manyan tabkuna suna zubawa a ƙanana da bayan madatsu: tarwaɗa da karfasa galibi, a wuraren da ruwa ke da zurfi kuma har da giwan ruwa. Tabkin Tabalak, wanda ke kan hanyar Tawa zuwa Agadas, ya nuna wa kowa abin da wannan aiki ke iya haifarwa. Matafiyi yana tsayawa ya sayi kifi a bakin hanya a ƙasar da kakanni ba su saba da su ba. A 2005 an sa tabkin cikin jerin wuraren ruwa masu muhimmanci na duniya.

A fadamar Tarka kuma, wadda ta ratsa ƙasar Madawa da Buza, ruwan ƙasa yana kusa. Tun ƙarshen shekarun 1980 ƙananan rijiyoyin burtsatse da injunan ban ruwa suka yawaita a garaken albasa. Manomin da ke da inji da rijiya ba shi da wuyar gina kwami ya zuba tarwaɗa, ya riƙa ban ruwan albasa da tsohon ruwan kwamin, wanda ke ɗauke da taki. A cikin gari ma ana samun malamin makaranta ko ma'aikacin ofis da ya gina kwamin siminti, ko ya kafa na tamfol, a bayan ɗaki. Ke nan kifin wannan ƙasa yana zaune a wuri iri uku: tabkin jama'a, kwamin garka, da kwamin gida. Gwargwadon ƙanƙantar ruwan, gwargwadon saurin lalacewarsa in mai shi ya ba da baya.

DARASI DAGA MASU KIWON KIFIN TEKU

Waɗanda suka fi kowa sanin wannan matsala su ne masu ajiye kifin teku a akwatin gilashi cikin ɗaki, a Turai, Amurka, Japan da ƙasashen Larabawa. Su ba don ci suke kiwo ba, don sha'awa ne. Suna haɗa ruwan gishiri da hannunsu, su zuba ƙananan kifaye masu launi, su dasa murjani mai rai. Mata sun san murjani a matsayin dutsen ado, alhali kuwa asalinsa ƙananan halittu ne na teku masu gina wa kansu gida mai tauri. Jan murjanin ado daga Bahar Rum ake samo shi. Akwai kuma dangoginsa masu gina manyan tuddai a ƙarƙashin ruwa mai ɗumi, irin waɗanda ke Bahar Maliya daura da Jidda, inda alhazai ke sauka, da waɗanda ke gabashin Ostareliya, masu tsawon fiye da kilomita 2,000.

Wannan halitta ba ta da haƙuri ko kaɗan. Tana son ruwa mai zafin digiri 24 zuwa 27, da gishiri wajen giram 35 a kowace lita, da haske, da motsin ruwa dare da rana. In zafi ya ƙaru da digiri 1 ko 2 bisa abin da ta saba ya daɗe ƴan makonni, sai ta yi fari fat, in abin ya ci gaba ta mutu. Haka ya faru ga babban sashe na murjanin Ostareliya a 2016 da 2017. Abin da teku mai faɗi ya kasa jurewa, ina ga akwatin lita 200?

Babban abin da mai irin wannan akwati ke tsoro in zai tafi hutu shi ne ƙafewar ruwa, domin ruwa ne ke tashi, gishiri yana nan zaune. Akwatin lita 200 yana ɗauke da gishiri kilo 7. In lita 20 ta tashi, gishirin nan kilo 7 zai taru cikin lita 180, watau ya kai kusan giram 39 a lita. Saboda haka ake cika akwatin da ruwan daɗi tsabtatacce, ba da ruwan gishiri ba. Wanda aka bar wa tsaro in bai san wannan ba, ya ga ruwa ya ragu ya ƙara na gishiri da kyakkyawar niyya, to shi ne zai kashe abin da aka ba shi amana.

Gogaggun masu wannan kiwo sun tsaya a kan ƴan ƙa'idodi. Ba sa sayen sabon kifi ko su ɗaura sabon inji ana gobe tafiya. Suna gwada kowace na'ura kwana da kwanaki suna gida, su ga yadda take aiki. Suna auna abincin kowace rana su ƙulle daban, sa'an nan su ɓoye sauran. Suna tanadin ƙaramin injin iska mai batir domin ranar da wuta ta ɗauke. Kuma duk yawan na'urorinsu, sai sun sami mutum mai leƙawa da ido, sun bar masa takarda da lambar waya.

Mai karatu zai ce ina ruwan Adar da teku. Masana ilimin ƙasa sun tabbatar da cewa fiye da shekara miliyan 55 da suka wuce teku ya taɓa rufe wannan yanki. Shaidarsa tana nan a ɓawon katantanwa da sauran halittun ruwa da suka zama dutse, waɗanda ake tsinta a tuddan Adar, da kuma farin dutsen da ake yin siminti da shi a Malbaza. Tekun ya tafi, amma ƙa'idodin masu akwatin gilashi sun dace da kwamin tarwaɗa na Madawa ɗaya bayan ɗaya.

RAGUWAR RUWA

A watannin Maris, Afrilu da Mayu, sa'ad da zafi ke wuce digiri 40 kuma iska ta bushe, ruwan da ke fili yana iya raguwa kusan santimita 1 a yini. A ɗauki kwami mai tsawon mita 3, faɗin mita 2, zurfin mita 1. Yana cin lita 6,000. Santimita 1 a wannan kwami lita 60 ce, watau bido 3 masu lita 20 kowace rana. Cikin wata guda lita 1,800 ta tashi, kusan kashi ɗaya cikin uku, ko da kwamin ba ya yoyo. Kamar yadda gishiri ke zama a akwatin teku, haka kashin kifi da ragowar abinci ke zama a kwami. Ruwa yana raguwa, dauɗa tana ƙara kauri, kuma ruwa kaɗan ya fi saurin ɗaukar zafi.

Maganin farko shi ne alama. A ja layi da fenti a jikin kwami inda ruwa ya kamata ya tsaya, a ja na biyu da jan fenti taƙi ɗaya a ƙasa, wanda ba a yarda ruwa ya sauka ya wuce shi ba. Na biyu, inuwa da kariyar iska. Manoman fadamar Majiya a gundumar Buza sun ga amfanin wannan tun 1975, lokacin da ƙungiyar CARE da ma'aikatan gandun daji suka soma dasa layukan bedi don karya ƙarfin iska. Abin da ya hana gona bushewa yana rage ƙafewar kwami. Sai dai kada a gina kwami a gindin itace, domin ganye yana zuba ya ruɓe a ciki. Rumfar zana da ta rufe rabin kwamin ta fi. Ruwan famfo mai warin magani kuma a tara shi ya kwana kafin a zuba wa kifi.

ISKAR DA KE CIKIN RUWA

Kifi yana numfashi da iskar da ta narke a ruwa, wadda masana ke kira oksijan. Ruwa mai sanyin digiri 20 yana riƙe wajen miligiram 9 a lita, mai zafin digiri 30 kuwa bai fi 7 da rabi ba. A kwamin da ruwansa ya yi kore, ƙananan tsirran da ke ciki suna ba da wannan iska da rana, da dare kuma su shanye ta. Shi ya sa mutuwar kifi ta fi aukuwa da asuba, kuma shi ya sa leƙawar asuba ta fi ta azahar amfani. Karfasa ce ke fara galabaita: za a gan ta ta taso sama tana buɗe baki. Tarwaɗa tana da wata gaɓa a cikin kanta da ke ba ta ikon shaƙar iskar sarari, don haka ta fi juriya. Amma ita ma in aka ga ta tsaya a miƙe a saman ruwa, gashin bakinta a waje, ta ƙi nutsewa, to ruwa ya ɓaci.

Wanda ya dogara ga injin lantarki don motsa ruwa ko jawo shi, wajibi ne ya yi tanadin ranar da babu wuta. Mai karatu zai tuna watan Agusta na 2023, sa'ad da aka yanke wutar da ke zuwa daga Nijeriya, garuruwa suka yi watanni suna fama da ɗaukewar wuta. Allon hasken rana da batir suna taimako ga mai hali. Ga marar hali kuma akwai dabara mai arha: a ɗebi ruwan kwamin da bokiti a riƙa kwararo shi daga sama yana fantsama, ko a zubar da kashi ɗaya cikin uku a ƙara sabo. Man injin ban ruwa na kwanakin tafiya duka a saye shi a ajiye tun mai kifi yana gida.

ABINCI: YAWANSA YA FI ƘARANCINSA HAƊARI

A nan ne mafi yawan masu riƙon amana ke kuskure, kuma tausayi ne ke jawo shi. Yaro ko maƙwabci ya ga kifi yana rububi, sai ya ɗauka yunwa ce, ya ƙara gwangwani ɗaya, gobe ya ƙara biyu. Abin da kifi bai ci ba yana nutsewa ya ruɓe, ya shanye iskar ruwa, ya haifar da guba mai ƙona matsatsin kifi. Ruwa ba ya tsami banza. Babban kifi mai lafiya yana iya yin mako guda ba abinci, ba abin da zai same shi sai ɗan tsaikon girma. Amma a ruwan da ya ruɓe ba ya kai kwana biyu.

Ga misalin lissafi. Tarwaɗa 500, kowace mai nauyin giram 200, sun yi kilo 100. In ana ba su kilo 2 a yini sa'ad da mai su yana nan, to a kwanakin tafiya kilo 1 ya isa. A auna shi, a ƙulle na kowace rana a leda daban, a rubuta sunan ranar a jiki, sauran buhun kuma a kulle shi a ɗaki. Dusa, tunkuza da sauran abincin gida sun fi na kanti saurin ɓata ruwa, saboda haka a ƙara rage su. A lokacin ɗari, watau Disamba da Janairu, ruwa yana yin sanyi, kifi ya rage ci da kansa. Karfasa tana kusan daina ci in sanyin ruwa ya sauka ƙasa da digiri 17. Abincin da aka zuba da sanyin safiya a wannan lokaci asara ne, gara a jira hantsi.

Akwai togiya biyu. Ƙananan ƴaƴan kifi ba sa jure yunwa, suna bukatar ci sau da yawa a yini, don haka wanda ya san zai yi tafiya kada ya zuba sababbin ƴaƴa. Sa'an nan tarwaɗa tana cin ƴar'uwarta: in manya da ƙanana suna haɗe kuma abinci ya ragu, manyan za su haɗiye ƙananan. A tace su, a raba su bisa girma kafin a tashi.

MAƘIYAN DA KE ZUWA DAGA WAJE

Zalɓe yana gane kwamin da ba kowa a kusa da shi. Guza tana shiga ta yi ɓarna, kwaɗi kuma suna cinye ƙananan ƴaƴa. Tsohuwar koma ko raga da aka shimfiɗa bisa kwami tana hana tsuntsu, tana kuma hana tarwaɗa tsalle. Da damana haɗarin ya sake kama: ruwan dare ɗaya yana cika kwami ya tumbatsa, tarwaɗa kuwa tana jan ciki a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa ta yi tafiyarta. A yi wa kwami mafitar rarar ruwa, a ɗaure bakinta da raga. Kwamin garka da ke kusa da ƙorama a ɗaga masa gefe.

A garaken albasa akwai wani haɗari da ya fi waɗannan, watau maganin ƙwari. Ɗan abin da ya rage a bututun feshi, in aka wanke shi a kwami ko aka ɗebi ruwa da bokitin da aka dama magani, ya isa ya kashe kifin duka. Kwami ya zama yana da bokitinsa na kansa wanda ba a yin wani aiki da shi. Ɓarawo ma yana jin labarin wanda ya yi tafiya. Abin da ya fi duk wannan nauyi kuwa shi ne ran ɗan Adam: kwami mai zurfin mita 1 yana iya cin ƙaramin yaro. Tilas a kewaye shi, a yi masa ƙofa mai rufuwa.

SHIRI GWARGWADON TSAWON TAFIYA

Tafiyar kwana 2 ko 3 ba ta bukatar wani dogon shiri. A sauya ruwa, a cika shi, a hana abinci gaba ɗaya, a sa wani ya leƙa safe da yamma. Tafiyar mako 1 zuwa 4 ita ce mai bukatar tsari, kuma tun ran gini ran zane. Saura mako biyu, a tace kifi, a sayar da waɗanda suka isa sayarwa domin a rage cunkoso, a duba yoyo, a gyara inji. Saura mako guda, a kira wanda zai riƙi amana ya soma yin aikin da hannunsa, mai kifi yana tsaye yana kallo yana gyara masa. Saura kwana biyu, a wanke gindin kwami, a sauya ruwa. Ba a yin wannan babban aiki a ranar tafiya, domin in wani abu ya karkace a sami sukunin ganinsa. Kwamin da tarwaɗa ta yi yawa a ciki yana bukatar sauyin ruwa kowane kwana 2 ko 3, kuma wannan aiki ba ya tsayawa don mai shi ba ya nan.

Mai tafiya biɗa ta wata 4 ko 6 kuwa, gaskiyar da ta kamata a faɗa masa ita ce: ko dai ya sami abokin tarayya na sosai, ko ya kwashe kifin. Tarwaɗa tana isa sayarwa cikin wata 5 zuwa 6. Wanda ya san zai tashi bayan girbi sai ya zuba ƴaƴa a farkon damana, ya kwashe kafin tafiya, ya sayar da ɗanye, ya banɗare saura ya bar wa iyali, kuɗin kuma ya zama guzuri. Sa'an nan ya zubar da ruwan kwamin, domin ruwan da ke kwance ba kifi a ciki gidan sauro ne. Kwamin siminti a rufe shi da zana kada rana ta tsaga shi.

AMANA DA TAKARDA

Ba kowane mai son mutum ne ya dace da wannan amana ba. Ana neman wanda ke kwana kusa, mai tashi da asuba, mai bin abin da aka faɗa masa ba ƙari. Sau da yawa wannan mutum yana cikin gida: uwargida ce. Matan da suka tsayar da ƙoramun Keita da duwatsu ba za su kasa tsare kwami ba, in an koya musu aikin kuma an ba su rabonsu. Kuskure ne magidanci ya riƙe sanin kiwon shi kaɗai, sai ana gobe tafiya ya tsaya a bakin ƙofa yana jero umarni.

A nan ne karatun yaƙi da jahilci ke nuna amfaninsa. Maganar baki ana mantawa, ana kuma musu a kanta, takarda kuwa tana nan. A rubuta ta da boko ko da ajami, da manyan baƙaƙe, a sa ta a leda a rataye a bakin kwami. Ba ta bukatar wuce layi shida:

1. Da asuba a duba kifi kafin a yi kome.
2. Ruwa ya tsaya a kan layi. In ya sauka, a cika.
3. Ƙulli ɗaya na abinci a yini, ba ƙari.
4. In kifi ya ƙi ci, ko ruwa ya yi wari ko kumfa, a daina ba da abinci, a sauya rabin ruwa.
5. Kifin da ya mutu a fitar da shi nan take, a rubuta yawansa.
6. In abu ya faskara, a kira wannan lamba.

Lamba ta zama biyu: ta mai kifi, da ta wani masani da ke cikin gari, ko ma'aikacin ruwa da gandun daji ko wani tsohon mai kiwo, domin wanda ke Abijan ba ya iya sauya ruwa ta waya. Mai wayar da ke ɗaukar hoto ya riƙa aika hoton kwamin kowace safiya. A bayan takardar kuma mai tsaro ya riƙa yin alama kowace rana da ya cika aikinsa.

Batun lada a yanke shi tun farko, a gaban shaidu. Makiyayan ƙasar nan suna da habbanaye, inda ake ba mutum aron dabba ya kiwata ya sami rabo cikin abin da ta haifa, shi ya sa yake kula da ita kamar tasa. Wanda ya san yana da kaso cikin kifin da za a kwashe ba sai an tashe shi da asuba ba.

TABKIN JAMA'A

Tabki ya fi kwami haƙuri, amma shi ma rani ne lokacin wahalarsa, kuma a daidai lokacin ne majiya ƙarfi ba sa gari. Ruwa yana janyewa, kifi yana taruwa a wuri kaɗan, dabbobi suna shiga suna dama laka, masu garka suna jan ruwa da inji. In ba tsari, sai a shiga da gidan sauro a kwashe har ƴaƴan da za su zama kifin baɗi. Dokar ƙasa ta hana kama kifi da guba, kuma su yana bukatar izinin hukuma. Kwamitin tabki ya kamata ya zauna kafin matafiya su tashi, tare da mai gari da ma'aikatan ruwa da gandun daji, a tsai da ranar rufe su da ranar buɗewa, a ware mashayar dabbobi, a naɗa masu gadi daga cikin waɗanda ke zaune, a sa mata da dattawa a ciki. Tabkin da aka san yana ƙafewa kafin damana kuwa, gara a kwashe kifinsa a kan lokaci a raba amfanin bisa yarda. Har wa yau, yashi da laka da suka cike babban sashe na madatsar Ibohaman gargaɗi ne: tsaron tabki yana farawa tun daga kan tudu, da jerin duwatsu da dashen itace.

Cikin kifayen ƙasar nan gaiwa ce kaɗai ba ta bukatar mai tsaro. In tabki ya ƙafe sai ta nutse cikin laka, ta lulluɓe kanta, ta yi watanni tana rayuwa da abin da ke jikinta har ruwan sama ya dawo. Tarwaɗa da karfasa da ke cikin siminti ba a ba su wannan baiwa ba, wanda ya tsare su a kwami shi ya ɗauki nauyin ruwansu da numfashinsu. Saboda haka ana kira ga duk mai kifi da ke shirin tafiya bana, tun kafin ya je tasha yankan tikiti, ya ja layinsa a jikin kwami, ya ƙulle abinci, ya rubuta takardarsa, ya koya wa wanda zai bari. Allah ya kai matafiya lafiya, ya sa su tarar da abin da suka bari cikin aminci.